Man Saifires: Duba Sunan Itacen Kafin Ka Biya Kuɗi

Za ka iya tarar da kwalabe uku a jere, kowacce an rubuta mata saifires, alhali man da ke cikinsu bai fito daga itace ɗaya ba, ko nahiyarsu ma ba ɗaya ba ce. Don haka abin da mai saye zai fara nema shi ne sunan kimiyya, wanda ake rubutawa da ƙananan haruffa a ƙarƙashin babban sunan. Kwalbar da ba ta da shi, a ganina, a bar musu kayansu.

Wanda masu maganin ganye na Turai suka sani shi ne Cupressus sempervirens, dogon itacen nan siriri mai tsini da ke tsaye a maƙabartu da bakin hanyoyin Italiya da Girka. Da tururi ake tatso mansa daga ganye da ƙananan rassa, galibi a Faransa, Sifaniya da Maroko. Garau yake kamar ruwa, wani lokaci da ɗan rawaya-rawaya, ƙanshinsa na ɗanyen reshe ne da aka karya, da ɗan ƙaro a ƙarshe. Kusan rabinsa sinadarin alfa-pinin ne. Shi ake gaurayawa a man tausa saboda nauyin ƙafafu da jijiyoyin da suka kumbura suka fito, shi ake sawa a ruwan jiƙa ƙafa mai yawan zufa, ko a shaƙa idan tari ya matsa. Akasarin wannan gado ne na masu magani, ba abin da manyan gwaje-gwaje a kan mutane suka tabbatar ba, kuma tausar kanta tana da nata rabon a sauƙin da ake ji.

Akwai wurin da 'yan talla kan yi rufa-rufa. Sunan da saifires ya yi wajen basur da ciwon jijiyoyin ƙafa, daga 'ya'yan itacen ya samo shi, waɗancan dunƙulallun masu tauri, domin suna ɗauke da tanin, sinadarin da ke tsuke fata da jijiya. Tanin kuwa ba ya tashi da tururi, a tukunya yake zama. Ke nan wanda ya sayi man yana tsammanin aikin 'ya'yan, ya sayi wani abu daban. Mai wannan larura, jiƙon 'ya'yan ko ƙwayoyin da aka yi da su ne maganarsa, shi ma bayan likita ya duba shi.

Na biyu shi ne shuɗin saifires, Callitris intratropica, daga arewacin Ostireliya. Daga katako da ɓawo ake fitar da shi, kuma shuɗinsa ba rini ba ne, wani sinadari ne mai suna guwayazulin. Yana da kauri, ƙanshinsa na daɗewa a jiki, ya fi na farko tsada. Masu haɗa turare da mayukan fata ke sonsa. A kula, yakan bar tabo a farin tufafi.

Sai hinoki na Japan, Chamaecyparis obtusa, itacen da suke gina wuraren bauta da bahon wanka da shi. Idan ƙanshin ɗaki kawai kake so, mai sanyi da ɗan lemo-lemo, wannan zan zaɓa maka. Wanda kuma za ka guda shi ne Thuja: dangi ne, ganyensu na kama, amma mansa na da tujon mai guba ga jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

Bayan suna, sai batun algus. Kalmar nan ta "mai darajar magani" da ake bugawa a jikin kwalba ba wata hukuma ce ta ba da ita ba, kamfani ne ya yaba wa kansa. Abin da ke da nauyi shi ne takardar gwajin GC/MS, wato gwajin ɗakin bincike da ke nuna sinadaran da ke cikin man, mai lambar rukunin da aka tatsa, da ƙasar da itacen ya fito, da ranar tatsa. In an rubuta man ƙanshi kawai, haɗin masana'anta ne, na kyandir da sabulu. A gida kuma, ɗiga ɗigo guda a farar takarda: na farkon nan, Cupressus sempervirens, in na gaske ne zai bushe ya tafi, wanda aka sirka da man girki zai bar da'irar maiƙo. Wannan gwajin ba ya aiki a kan shuɗin.

Kada arahar babbar kwalba ta ja ka. Mililita 5 ko 10 a gilashi mai duhu ta isa, domin pinin na lalacewa idan iska ta daɗe tana shiga, tsohon mai kuwa shi ke kawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Shekara ɗaya zuwa biyu ce iyakarsa, a rufe, nesa da rana da zafi. Ba a shan sa, ba a shafa shi tsura: ɗigo 1 zuwa 2 a ƙaramin cokali na man kwakwa ko zaitun, a fara gwadawa a cikin dantse a jira kwana guda. Mai juna biyu, mai shayarwa, ƙananan yara da mai asma su tambayi likita tukuna, gidan da ke da kyanwa kuma a bar ƙofa a buɗe yayin turara shi.