Masu kai mutane Chappal Waddi: yadda na ga aikinsu

Duk wanda ya tambaye ni ko ya damƙa wa samarin da suka shirya mana tafiya kuɗinsa su kai shi ƙololuwar Chappal Waddi, zan ce ya ba su, amma kafin ya tura ko sisi ya sa su rubuta masa abin da kuɗin ya ƙunsa. Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye a ƙasar Gwaram, labarin ƙasa nake koyarwa. Shekara da shekaru ina faɗa wa yara cewa dutsen da ya fi kowanne tsawo a Najeriya, wato Chappal Waddi, yana jihar Taraba, a kan iyakarmu da Kamaru, mita 2,419 daga doron teku. Na daɗe ina son in taka shi da ƙafata. Ni da yayana da wasu abokan aiki biyu muka haɗa kuɗi, muka nemi masu shirya irin wannan tafiya, aka haɗa mu da wani matashi mai ƙaramin kamfani a can.

Tun a waya na fara yarda da shi. Mun so mu tafi a hutun Agusta, ya ce sam. Damina a tsaunin Mambila doguwa ce, rafuka suna cika, hanyar babur ta zama taɓo, don haka sai daga Disamba zuwa Maris. Wani mai neman kuɗi da karɓa zai yi kawai. Sannan ya bi mu ɗaya bayan ɗaya: shekarun kowa, wa ke da hawan jini, wa ke da asma, wa gwiwa ke damu. Ya ce kowa ya sayi takalminsa da wuri ya riƙa yawo da shi, kada a zo masa da sabo fil, kuma kullum bayan asuba a saɓa jaka mai nauyi a yi tafiya. Mu da muke da duwatsu a bayan gari, can muka riƙa zuwa. Ya yi mana bayani cewa ciwon ƙarancin iska yakan fara kama mutane ne daga wajen mita 2,500, wannan dutsen bai kai nan ba, amma mutumin da ya taso a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu zai ji haki, kuma sanyi ne babban abin tsoro, tunda duk hawan mita 1,000 zafi yana sauka da kusan digiri 6.

Hanya kam doguwa ce: Gombe, Numan, Jalingo, Bali, sannan Serti. A Serti hedikwatar gandun dajin Gashaka-Gumti take, wanda aka kafa a 1991, mafi girma a ƙasar nan, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Dutsen a cikin gandun yake, ba a shiga sai da izini da rakiyar ma'aikacin daji. Matashin ya gama duk wannan kafin mu iso, sa hannu kawai muka yi.

Daga nan mota ta bi ta Mayo Selbe ta hau tsaunin, lanƙwasa bayan lanƙwasa, har Nguroje. A nan ne abin da ya ɓata min rai ya faru. Daga Nguroje mota ba ta ƙara gaba, sai acaba zuwa Njawai, kuma sai da muka sauke kaya aka ce mana kuɗin acaba da na 'yan dako ba sa cikin abin da muka biya. Ba ina cewa 'yan acaban sun tsawwala ba. Wanda ya goya ni ya yi awanni yana fama da duwatsu da gangara, ya sauka ya tura babur a cikin rafi ruwa har gwiwa, ya ci kuɗinsa da guminsa. Laifin na mai shirya tafiya ne, da bai faɗa tun muna gida ba. Albashin malami a ƙirge yake, kuma can ba inda za ka ciri kuɗi. Da ba don yayana ya riƙe wani abu a aljihu ba, da mun ji kunya. Na yi wa mai shirya tafiyar magana, ya ba da haƙuri, ya ce ya ɗauka mun sani. Haƙurin na karɓa, uzurin ban karɓa ba.

Tanti ɗaya zif ɗinsa ya lalace, da igiya aka ɗaure ƙofar. Abinci kuma indomi da shayi ne safe da dare. Ƙuliƙuli da dabino da garin kwaki da muka taho da su daga gida su suka riƙe mu.

Amma da aka fara tafiyar ƙasa, sai na ga abin da muka biya wa kuɗi. Jagoran da ya haɗa mu da shi ɗan yankin ne, yana jin Fulatanci, kuma ba ya wuce ruga sai ya tsaya ya gaida Jauro, wato shugaban wurin, ya faɗi ko mu su wane ne. Saboda haka ne aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo nono. Shi yake gaba, kuma bai taɓa barin na ƙarshe ya ɓace masa ba. Ruwan rafi duk haskensa sai an tafasa. Da dare yakan haska tocila ya ce kowa ya cire safa, ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, inda ya ga ya fara ja ya manna filasta tun bai zama bororo ba. Da asuba za ka tarar ya ɗora ruwan alwala a wuta, don na rafin ba ya taɓuwa, kamar ƙanƙarar da ake sayarwa da azumi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda ya yi da yayana. A rugar ƙarshe kafin hawan ƙololuwa gwiwarsa ta kumbura, shi kuwa ya dage sai ya hau. Jagoran ya durƙusa a gabansa, ya taɓa wurin, ya ce, "Baba, ku yi haƙuri. Hawa za ku iya, saukowar ce ba za ta yiwu ba, kuma a can ba babur ba sabis. In na bar ku kuka hau, ban riƙe amana ba." Yaya ya yi shiru can, ya ce, "To, ɗana, na ji." Aka bar masa ɗan dako ɗaya da bargo biyu. Da muna saukowa, ƙafafuna suna rawa a kan gangara mai santsin ciyawa, na tabbatar yaron ya yi gaskiya.

Saman dutsen ciyawa ce da iska mai kaɗa mutum. Hazon hunturu ya rufe nesa, ɓangaren Kamaru sai inuwar tsaunuka muka gani, kuma tun a waya an faɗa mana haka na iya faruwa. Birai mun gani a kurmin da ke kwari. Chimfanzi da gandun ya yi suna da su ba mu gani ba, ba wanda ya yi mana alkawarinsu kuma.

Shugaban makarantarmu ya tambaye ni ko za a iya kai ɗalibai. Na ce a'a, ba wannan hanyar ba. Tafiya ce ta baligi mai lafiya wanda ya shirya jikinsa kuma ya sanar da iyalinsa cewa za a yi kwanaki ba a same shi a waya ba. Yara a kai su Serti su ga gandun ta ɓangaren Gashaka, in da hali a hau da su Kakara su ga gonar shayi, kuma ko a wannan ɗin waɗannan samarin zan nema, da tantinmu a mota.