Skyrim, The Witcher 3, Elden Ring ko Baldur's Gate 3: wanne za ka saya?

Wasannin bidiyo da ke kai mutum duniyar takubba da dodanni da tsafi ba a buga su a tsaitsaye. Guda ɗaya na iya cinye maka awa ɗari. Don haka kafin ka fitar da kuɗinka, ka san abin da ke zaunar da kai a gaban allo: yawo, labari, ko gumurzu.

Mai son yawo ya nemi Skyrim na kamfanin Bethesda, wanda ya fito a 2011. Kai za ka ƙera jaruminka, ka zaɓi jinsinsa da kamanninsa, sai a sake ka. Kana iya yin watsi da babban labarin ka koma ƙira, ka sayi gida, har ka yi aure. Faɗansa ya tsufa, amma ko kwamfuta marar ƙarfi sosai tana ɗaukarsa.

The Witcher 3 na 2015, aikin CD Projekt Red na ƙasar Poland, shi ya fi kwanta min. A nan ba ka ƙera kowa. Geralt ne kai, mafaraucin dodanni da ke neman 'yar riƙonsa, Ciri. Abin da ya ɗaukaka shi su ne ƙananan ayyukan gefe. Baƙauye zai ɗauke ka ka kashe masa dodo, ka bi sawu, ka tarar ashe laifin na mutanen garin ne. Ka yanke hukunci, sai bayan awanni sakamakon ya biyo ka, wani lokaci da nadama. Wannan nauyin ne ke sa mutum ya ji da gaske yana cikin duniyar. In za ka saya, nemi cikakken bugun da ya haɗa da ƙarin labaransa biyu, Hearts of Stone da Blood and Wine.

Elden Ring na FromSoftware ta Japan, 2022, na masu haƙuri ne. Babu wurin rage wahala. In ka mutu, dukiyar da ka tara ta zube a wurin, in ka sake mutuwa kafin ka kwaso ta, shi ke nan. Daɗinsa yana ranar da ka kayar da abokin gabar da ya daɗe yana kayar da kai.

Baldur's Gate 3 na Larian ta Beljiyam, 2023, faɗansa bi da bi ne, kowa da lokacinsa, ƙuri'a mai fuska 20 ke raba gardama. Mutum huɗu na iya bugawa tare. Sai dai yana cin wajen 150GB, kuma babu shi a na'urar wasa ta PlayStation 4 (PS4).

A kula: Baldur's Gate 3 da The Witcher 3 na manya ne, akwai tsiraici a ciki, kodayake Baldur's Gate 3 yana da maɓallin rufewa. Sabon shiga ya fara da The Witcher 3 a mataki mai sauƙi, Elden Ring kuwa sai hannu ya faɗa.