4A ko 4H a akori-kura?

Ana ta tambayata wanne ya fi tsakanin 4A da 4H, wato saitin da direba ke zaɓa a mota mai jan ƙafa huɗu. To a 4A kwamfuta ce ke lura, tayar baya na fara santsi sai ta tura ƙarfi gaba, ko kan kwalta kake ba matsala. 4H kuwa gaba da baya a ɗaure suke, cikin yashi ko taɓo ba ta jira sai ta zame. Amma fa sha kwana da ita a busasshiyar kwalta, sitiyari zai yi tauri taya na kuka, ƙarafan ƙasa ne ke shan wahala. Yawancin Hilux ɗinmu ma ba su da 4A, sai irin su akori-kurar Ford F-150. Mai yawon gari da damina 4A ta ishe shi, mai shiga gona ko rairayin Agadez ya riƙe 4H.