Sharhi kan mai gyaran da ya tashi talabijin ɗina bayan ta ƙi kunnuwa

Wanda talabijin ɗinsa ta mutu ɗif, ko ɗan jan hasken nan na ƙasa ba ta nunawa, kada ya yi saurin yarda idan aka ce masa gilashi ne ya tafi. Tawa mai inci 43 ce, irin ta LED da muke kira filasma, kuma haka ta yi bayan an dawo da wuta da ƙarfi wani dare. Na kai ta wani ɗan shago a Sabon Gari a nan Kano, kuma aikin da aka yi mini ya isa a yi maganarsa, da daɗinsa da rashin daɗinsa.

Abin da ya fara burge ni shi ne mutumin bai ɗauki sukundireba ba sai da ya gama tambayoyi. Jan hasken yana kamawa ko babu shi sam? Idan yana kamawa, a tsaye yake ko ƙiftawa yake yi? An ji ƙara ko warin ƙuna? A kan wutar gari take ko janareto? Ya ce kowace amsa wani wuri take nunawa. Idan babu haske ko kaɗan, yawanci matsalar tana kan allon da ke raba wuta, wanda su suke kira fawa bod. Idan kuwa jan hasken na nan, sauti ma yana fita amma fuska baƙi ƙirin, sau da yawa fitilun bayan gilashi ne suka ƙone, kuma ana ganewa da tocila: a haska fuskar daf da daf a cikin duhu, za a hango hoton yana motsi dishi-dishi.

Kafin na fito da ita na riga na yi na gida. Na canza soket, na cire ta daga jikin wayar ƙari na jona kai tsaye a bango, na zare fulogi na danne maɓallin jikinta na ɗan lokaci sannan na mayar. Rimot ma na duba shi da kyamarar waya, don idan lafiyarsa ƙalau za ka ga ɗan ƙwan bakinsa yana walƙiya a allon waya duk da ido ba ya gani. Da na lissafa masa waɗannan sai ya yi dariya ya ce, "Malam, ai ka rage mini aiki. Akwai wanda batirin rimot ne kawai ya mutu masa, ya ɗauko talabijin a Adaidaita Sahu tun daga Hotoro."

A gabana ya buɗe bayanta, kuma wannan ne ya sa na saki jiki da shi. Ya ɗora mita a kan fiyus, ya nuna mini ya yanke. Kusa da shi akwai wani ɗan faifai da aikinsa shi ne ya shanye wuta idan ta yi tsalle, ya yi baƙi ya tsage. Can gefe kuma kafasita biyu, 'yan gwangwanayen nan masu tara wuta, kawunansu sun kumbura, alhali lafiyayyu a shafe suke. Ya ce waɗannan ba daren ne ya kashe su ba, zafi ne ya daɗe yana cinsu, don talabijin da aka manna a bango ba iska, a garin da bazara ke haura digiri 40, dole kafasitocinta su gaji. Sababbin da ya sa masu jure digiri 105 ne, ba masu 85 ba, ya kuma nuna mini rubutun a jikinsu.

Na tambaye shi ko ba za a ɗaura siririyar waya a gurbin fiyus ɗin ba, kamar yadda na ga ana yi wa rediyo. Ya ce shi ba ya yi, domin fiyus ba ya yankewa haka kawai, kuma wanda ya toshe gurbinsa da waya ya buɗe wa wuta hanya ta cinye allon gaba ɗaya. Da ya gama liƙi da dalma ma bai jona ta kai tsaye ba. Ta cikin wani tsohon ƙwan fitila mai zare ya bi da wutar, ya ce idan da sauran inda ya haɗe, ƙwan zai haska sosai ya tare ɓarnar. Ƙwan ya yi fau ya dushe, jan hasken ya dawo, ta kama.

Ya ja mini kunne a kan abu ɗaya, ni ma zan ja wa mai karatu. Babban kafasitan da ke kan allon an yi shi ne don ɗaukar bolt 400 zuwa 450, kuma yana iya riƙe wuta bayan an zare fulogi. Buɗe bayan talabijin ba aikin mai gwaji ba ne.

Kuɗin da ya karɓa bai yi kusa da na sabon fawa bod ba, balle na sabuwar talabijin, kuma ya zuba mini ƙonannun kayan a leda ya ce in tafi da su. Amma fa alƙawarinsa sai a hankali. Ya ce in dawo bayan La'asar, ni ban karɓe ta ba sai da aka kwana, wai yaronsa bai samo kafasitan da yake so ba. Shagon kuma a cushe yake, talabijin a jingine kan talabijin, har gabana ya riƙa faɗuwa kada a fasa mini gilashi, wanda shi ne mafi tsada a jikinta. Rasit ma babu, garantin na baki ne: "In ta sake, ka dawo da ita." Na yarda da shi, sai dai na fi son a rubuce.

Shawarar da ya ba ni ta ƙarshe na bi ta. Na sayi ɗan gadin nan da ake sa wa firji da talabijin, mai jinkirta wuta na ɗan lokaci idan an dawo da ita, mai kuma yankewa idan ta yi yawa ko ta yi ƙasa. Wutarmu bolt 230 ya kamata ta zama, amma kowa ya san yadda take hawa da sauka. Ya ƙara da cewa gadin ba ya kare wayar dish, don haka idan hadari ya taso da tsawa a zare fulogi, a zare wayar da ta shiga dikoda ita ma. Tun daga lokacin talabijin ɗin tana aiki lafiya, kuma na sa an matsar da ita daga bango kaɗan don iska ta riƙa ratsawa.