Filashi ko ƙaramin SSD, wanne sabar ajiyarka za ta riƙa tashi daga kai

Malam, ka sayi ƙaramin SSD kawai, kar ka ƙara zuba kuɗinka a filashi. Na ga abin da ka rubuto, cewa ka haɗa sabar ajiya a gida ka ɗora TrueNAS, manhajar da ke tafiyar da sabar, a kan filashi, yau ta tashi lafiya gobe ta tsaya a baƙin allo ko ta wurga ka cikin BIOS, wato shafin saitin madabod, kana kuma tunanin ko ka sake sabon filashi mai kyau ko ka koma SSD. Duka biyun na yi amfani da su a na'ura ɗaya shi ya sa nake gaya maka kai tsaye. Amma dan Allah ka karanta har ƙasa kafin ka sayi komai, don mai yiwuwa rabin matsalar taka ba ta filashin ba ce ma.

Filashi dai abin alherin da zan iya faɗa a kansa shi ne yana da araha kuma ba ya cin maka kafar SATA, wato inda ake jona faifai a madabod, shi ke nan. Nawa ya ɗan yi aiki, sai saƙo ya fara shigowa wai an samu kurakurai a boot-pool, wato faifan tashi, duk lokacin da ZFS, tsarin da TrueNAS ke ajiye bayanai da shi, ta yi binciken nan da take yi masa duk kwana 7, daga nan ofdet ya riƙa jan ƙafa kamar ba zai ƙare ba, ran nan kawai ya ƙi tashi, da na zare shi zafi rau a hannu.

Za ka ji wasu na cewa ai su sun yi shekaru da filashi ba abin da ya same su, kuma ba ƙarya suke ba, zamaninsu ne daban. FreeNAS ta da, wato TrueNAS a tsohon sunanta, kafin 9.3 da ta fito a ƙarshen 2014, karatu kawai take yi a kan filashin, abubuwan da ake yawan rubutawa a RAM take ajiye su, to filashi na hutawa. Daga 9.3 aka mai da faifan tashi ya zama ZFS, kowane ofdet sai ya rubuta sabon tsari gaba ɗaya ya ajiye tsohon a gefe don in abu ya lalace ka koma baya, wanda abu ne mai kyau ƙwarai, amma rubutu ne mai yawa. A 2020 sunan ya koma TrueNAS CORE, a 2022 SCALE mai tushen Debian ta fito, kuma su kansu masu ita SSD suke cewa a sa, filashi kuwa suna jan kunne a kansa. An yi filashi ne don ka kwafi fayil ka zare ka sa a aljihu, barinsa a kunne dare da rana ana ta rubuta masa ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Sannan galibinsu ba su da SMART, wato tsarin da faifai ke ba da rahoton lafiyarsa, ba zai taɓa gaya maka yana ciwo ba, sai dai ka wayi gari ka ga gawa.

In da Unraid, wata manhajar sabar ajiya, kake amfani da ita da maganar ta sauya, ita an gina ta ne ta tashi daga filashi ta loda kanta cikin RAM, lasisinta ma a ɗaure yake da lambar GUID, wato lambar shaidar filashin. OpenMediaVault ma tana da wani ƙari da ke rage rubutu ga mai son filashi. Amma kai TrueNAS ka ce.

SSD ɗina kuwa, wallahi har yanzu ina jin daɗinsa. Tsoho ne ma, mai 120 GB, daga wata laftof da allonta ya fashe na ciro shi, ban ko ɗaure shi da noti ba, manne shi na yi a jikin akwatin daga ciki da tef mai fuska biyu tunda ba abin da ke juyawa a cikinsa. Tun da na sa shi na cire sikirin da kibod daga jikin sabar, na tura ta lungu. In aka ɗauke wuta aka dawo da ita ba na ko tashi daga inda nake, sai dai in ji faya-fayan sun fara ƙugi ɗaya bayan ɗaya, ɗan jim kaɗan fayilolina sun bayyana a waya, saboda na saita BIOS ta kunna kanta in wuta ta dawo. Abin da ya fi burge ni shi ne ranar da na canza madabod gaba ɗaya, na ɗauko SSD ɗin nan na jona a sabon, na mai da faya-fayan ajiya ba tare da na damu da wace waya ce ta wace kafa ba, ta tashi ta gane kayanta duka, saitin katin netwok kawai na gyara don sunansa ya canza. Kuma duk lokacin da na ga dama ina duba SMART in ga awa nawa ya yi, nawa aka rubuta masa, saura nawa a rayuwarsa. Wannan kwanciyar hankalin filashi ba zai ba ka ita ba.

Kar ka sayi babba. TrueNAS faifan tashi gaba ɗaya take cinyewa, ba za ka ajiye fayil ko ɗaya a kansa ba, ko 1 TB ka sa mata asara ce. Daga 32 GB zuwa 128 GB ya ishe ka har ya yi yawa.

Na san abin da za ka ce, kafofin SATA sun cika da faya-fayan ajiya. To akwai hanya. In madabod ɗin yana da ramin M.2 ka sa ƙaramin NVMe, wato SSD ɗin da ake cusawa a ramin, irin Optane ɗin Intel mai 32 GB mutane da yawa shi suke sawa don yana jure rubutu. Amma ka buɗe littafin madabod ɗinka tukuna, don a alluna da dama da zarar ka cusa abu a M.2 sai wata kafar SATA ɗaya ko biyu ta mutu, hanya ɗaya suke rabawa, mutum ya zauna yana zargin faifansa alhali kafar ce aka kashe. Kuma tsofaffin alluna, musamman na kafin wajen 2014, da yawansu ba sa iya tashi daga NVMe ko da sun gan shi. In haka ne sai ka sayi 'yar wayar nan mai mai da SATA zuwa USB ka jona SSD ɗin ta nan, bai kai jonawa kai tsaye ba amma ya fi filashi nesa ba kusa ba, don matsalar ba a kafar USB take sosai ba, a ingancin abin da ke cikin filashin take.

Yanzu ga abin da na ce ka duba kafin ka kashe kuɗi. Kashe na'urar, zare wayar duk faya-fayan ajiya, in akwai katin HBA, wato katin da ake jona faya-fayai da yawa a kansa, ko katin ƙarin SATA shi ma cire shi, bar faifan tashi kaɗai, ka kunna ka kashe sau da yawa. In a haka ma tana yi tana fasawa, to filashin ne ko kafar da yake ciki, gwada shi a kafar USB 2.0 ta bayan akwati ka gani. In kuwa a haka tana tashi garau kullum, sai ka mai da faya-fayan ta rikice, to sabon SSD kaɗai ba zai warkar da kai ba.

Karanta abin da allon ya rubuta, don kowane saƙo da inda yake nunawa. In ka ga rubutu yana cewa wannan "data disk" ne ba zai iya tayar da na'ura ba, "System halted", kar gabanka ya faɗi, ba abin da ya lalace, BIOS ce ta ɗauko faifan ajiya ta sa a gaba. Wasu alluna duk lokacin da ka ƙara faifai sai su sake jera layin tashi yadda suka ga dama. Shiga ka sa faifan tashi na farko, sauran kuma kar ka bar su a ƙasa, kashe su gaba ɗaya daga jerin. In "No bootable device" ko "Reboot and Select proper Boot device" kake gani alhali BIOS na ganin faifan, yawanci saɓani ne tsakanin UEFI da Legacy, sabuwar hanyar tashi da tsohuwa, ka girka ta hanya ɗaya allon na nema ta ɗayar, duba CSM, saitin da ke kunna tsohuwar hanyar, ka kuma kashe Secure Boot ka gwada. Yanayin SATA ya zama AHCI, ba RAID ba. In kuma ka gyara duk wannan, sai aka zare wuta aka mayar ka tarar saitin ya koma yadda yake har agogo ya ɓace, to batirin nan ne mai kamar kwabo, CR2032, ya mutu. Wannan ya fi yawa a tsofaffin kwamfutocin da ake mayarwa saba, kuma shi ne yake kawo irin ciwon nan na yau lafiya gobe babu.

Sai wuta. Faifai mai inci 3.5 lokacin da zai fara juyawa yana jan kusan amfiya 2 a layin 12V, kusan ninkin abin da yake ci in ya daidaita ko fiye, to ka lissafa in shida ko takwas suka tashi lokaci guda a kan ƙaramin fawa-saflai ko duk a kan waya ɗaya da aka yi ta reshe. Alamar ita ce fanka ta juya ta tsaya ta sake juyawa, ko ka ji faifai na ƙyas-ƙyas, ko wani ya ɓace a wannan tashin ya dawo a na gaba. Raba su a wayoyi daban-daban, in katinka yana da saitin tayar da su bi da bi ka kunna. Akwai kuma faya-fayan da ake ɓarowa daga akwatin ajiya na USB, wasunsu ba sa juyawa sam a kan wasu fawa-saflai saboda fil na 3 na wayar wuta, in ya samu 3.3V faifan yana ɗauka umarni ne ya zauna a kashe. Ɗan tef siriri a kan fil ɗin yana magance shi.

In HBA gare ka, ka ba shi lokaci, yana da nasa allon da yake ƙirga faya-fayai kafin BIOS ta wuce, mutane suna ɗauka ta maƙale ne su danna riset. Ka tabbata a yanayin IT yake, wanda ke miƙa faya-fayan kai tsaye, ba na RAID ba, in mai guntun SAS2008 ne irin 9211-8i firmware ɗin da ake so shi ne P20 na ƙarshe, 20.00.07.00. In katin ya bayyana amma ba faifai ko ɗaya, duba wayar SFF-8087, akwai mai tafiya gaba akwai mai komowa baya kuma a ido iri ɗaya suke, mai tafiya gaba kake buƙata. Sannan in za ka cire sikirin da kibod, nemi saitin da ke hana allon tsayawa in bai ga kibod ba, wasu allunan ma ba sa tashi in ba katin hoto, gara ka gwada tun tana gabanka.

Ba ka tambaya ba amma sai na faɗa, ka yi hattara da masu sayarwa marasa tsoron Allah, don a kan ƙananan kayan nan aka fi yin ha'inci. Akwai filashi da SSD na jabu da aka rubuta musu girman da ba su da shi, kwamfuta za ta nuna maka 128 GB alhali abin da ke ciki ko kwata bai kai ba, girkawa za ta tafi lafiya, sai an cika ainihin wurin sannan ya fara taka bayanan baya, kai kuma ka rasa dalilin da na'ura ta daina tashi. Duk abin da ka saya ka gwada shi da H2testw a Windows ko f3 a Linux kafin ka ɗora masa komai, suna cika shi ne su karanta su gaya maka gaskiyar girmansa. In na hannu ne ka buɗe CrystalDiskInfo ko smartctl a gaban mai shi, in ka ga jikinsa duk ya goge amma awanninsa kusan sifili, an share lissafin ne, ajiye masa kayansa. Katunan HBA ma ana buga na jabu da tambarin manyan kamfanoni. Duk wanda ya ce ba gwaji ba mayarwa, ka wuce, araha ba ta ado.

Wasu za su ce ka sayi SSD biyu ka haɗa su madubi don in ɗaya ya mutu ɗayan ya riƙe. TrueNAS tana yi, kuma ba laifi in kana da kafa a banza, amma a gida ni ban ga dole ba. Abin da ya fi madubin amfani shi ne fayil ɗin saiti. Yau ɗin nan, in Allah ya sa ta tashi, shiga shafin saiti ka sauke kwafin config, wato fayil ɗin saitin, ka danna wurin haɗawa da secret seed don kalmomin sirrin da ta adana su biyo, in ka kulle ajiyarka da makulli shi ma ka sauke makullin, ka ajiye su a waya ko laftof, ba a kan sabar ba. Bayananka ba a kan faifan tashi suke ba, suna kan faya-fayan ajiya, ko filashin ya mutu yanzu ba abin da ka rasa sai saiti.

To ka samo SSD na SATA ƙarami, ka gwada shi, ka mai da wani filashi abin girkawa kawai da Rufus ko balenaEtcher, wannan aikin kam ya iya. Lokacin girkawa ka bar faya-fayan ajiya a zare don kar hannu ya kuskure ka zaɓi wanda ba shi ba ka goge. Zaɓi UEFI, ka girka sigar da kake kai ko wadda ta fi ta sabunta, ka loda config ɗin, ka kashe ka mai da faya-fayan, ka sake leƙa jerin tashi a BIOS. Ka sa sabon CR2032 tun akwatin yana buɗe. In bayan haka ta sake tsayawa, ɗauki hoton allon daidai inda ta tsaya ka turo tare da sunan madabod da ƙarfin fawa-saflai ɗin, sai mu duba tare.