Fon Land Cruiser a ƙarƙashin tsohuwar Hilux: yana da ƙarko, amma kuɗin yana wajen ɗaurawa

Wannan sharhi a kan aiki ɗaya ne da ya yi kasuwa a garejojin Damagaram: cire fon baya na tsohuwar Hilux, abin da ƴan Kano ke kira aksil, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya biyu yana juya su, a maye gurbinsa da na Land Cruiser. Motar da na gwada shi a kanta LN106 ce mai injin 3L na gazuwal, irin waɗanda aka ƙera daga 1988 zuwa 1997, fon kuma na Land Cruiser 75 ne ɗan kwance. Damina biyu ke nan yana aiki da lodi a hanyar Tanut da cikin rairayin Gure. Hukuncina shi ne ya yi ƙarko ƙwarai, amma ba kowa ya kamata ya saye shi ba, kuma duk wanda ya ce maka kuɗin fon shi ne kuɗin aikin bai gaya maka gaskiya ba.

Fon Hilux na asali ba rago ba ne. Babban haƙorinsa mai zobe, wato kuron, inci 8 ne, kuma idan aka tsaya a lodin da aka yi motar dominsa, kusan tan ɗaya, sai ya daɗe bai ce uffan ba. Tan ɗaya kuwa buhun gero 10 ne kacal. Wanda ya ga yadda ake lodi ranar kasuwa ya san buhu 15 ko 20 ake jibga mata, sannan fasinja su hau sama. A nan rauninsa yake fitowa, domin sandar da ke juya taya ita ce kuma ke ɗauke da nauyin motar, a kan rulma, wato boris, guda ɗaya da aka danna a jikinta aka tare da zobe. Gargada ta yi ta dukan wannan rulma, sandar tana lanƙwasa tana miƙewa a duk juyi. Farko za ka ji gurnani, sai mai ya fara jiƙa birki, in aka yi sake sandar ta karye. Idan ta karye a waje da rulma, taya da tambur ɗinta, wato gangar birki, ficewa suke yi gaba ɗaya, mota na cikin tafiya.

Na Land Cruiser mai fitaccen kai a tsakiyar taya daban yake. Nauyin motar yana kan bututun fon ne kai tsaye, ta rulma biyu a kowane gefe, sandar ciki kuwa juyi kawai take kaiwa. Ko ta karye taya tana nan daram. Sai ka kwance noti shida, ka zare guntun, ka toshe ramin, ka sa giyar ƙafa huɗu ka lallaɓa gida da fon gaba. Ga mai bin dajin da babu gareji sai bayan tafiyar yini, wannan kaɗai ya isa dalili. Kuron ɗinsa kuma inci 9.5 ne. Sai dai a kula, ba kowane fon Land Cruiser ne mai wannan ƙirar ba, akwai masu irin tsarin na Hilux. Idan ba ka ga kan da ya fito waje da zagayen notuna shida a tsakiyar taya ba, ba shi ba ne. Na 79 da aka yi daga 1999 kuma kusoshin tayarsa biyar ne, ba zai karɓi ƙafafun Hilux masu rami shida ba, sai ka koma yawo da safaya iri biyu.

Abin da ya fi cin kuɗin mutane shi ne rashin duba lissafin haƙora kafin a biya, wato juyi nawa kardan, sandar da ke kawo juyi daga akwatin giya, ke yi kafin taya ta juya sau ɗaya. A kan farantin da ke cikin gidan injin Toyota akwai lambar fon. Harafin G yana nufin inci 8, K kuma inci 9.5. Lambobi biyu na tsakiya su ne lissafin: 29 shi ne 4.10, 28 shi ne 4.30, 25 shi ne 4.556, 14 shi ne 4.875, 08 kuma 4.11. Yawancin fon Land Cruiser da ke zuwa hannunmu 4.11 ne, wato haƙori 37 a kan 9. Idan Hilux ɗinka 4.556 ce a gaba ka sa 4.11 a baya, bambancin ya haura kashi 10 cikin 100. A giyar ƙafa biyu ba za ka ji wannan saɓani ba. Ranar da ka sa ƙafa huɗu a ƙasa mai tauri, baya na son ya wuce gaba, sai ƙaramin akwatin giya mai raba juyi gaba da baya ya ɗauki dukan, ko kardan ya murɗe. Tsakanin 4.10 da 4.11 ne kawai babu damuwa.

Fon ɗan kwance ba ya zuwa da faranti, kuma bakin mai sayarwa ba ma'auni ba ne. A ƙirga da hannu. A riƙe tambur ɗaya, a yi wa ɗayan alama da alli, a juya shi sau 20, wani yana ƙirga juyin bakin da kardan ke ɗaurawa. Juyi 41 na nufin 4.10 ko 4.11, 43 na nufin 4.30, 45 da rabi na nufin 4.556. Minti biyar ne, kuma haka za a yi wa fon gaban motarka, domin mota mai shekara 30 ba lallai ne abin da faranti ya ce shi ne a cikinta ba.

In ba su dace ba, hanya biyu ce. Ko a sauya cikin fon gaba zuwa 4.10, wanda ya fi araha domin ana samunsa ɗan kwance, ko a yi odar sabon kuron da ƙaramin haƙorinsa na 4.56 a sa wa na baya. Ta farko tana da nata farashin da ba a gani a rasit: injin 3L da ma ba mai ƙarfi ba ne, doki 90 ko kusa da haka, kuma sauka daga 4.556 zuwa 4.10 yana rage jan taya da kashi ɗaya cikin goma. Da cikakken lodi a rairayi kulochi ne zai biya wannan bashin. Agogon gudu ma zai riƙa nuna 90 alhali kana 100. Ga mai lodi, ta biyun nake ba da shawara duk da tsadarta.

Sai aikin walda, inda ake gane gwani da ɗan koyo. A Hilux mai ƙafa huɗu lam, wato sifirin na jerin ƙarafa masu ɗauke da shasi, suna zaune ne a saman fon, a Land Cruiser 75 kuwa a ƙarƙashinsa suke. Dole a yanke mazaunan lam na asali, a goge wajen, a yi sababbi a sama daidai da faɗin shasin Hilux. Kuskure biyu ake yi a nan. Na farko, mai walda ya zuba wuta a waje ɗaya ba hutawa, bututun ya ja ya karkace kaɗan yadda ido ba ya gani. Bayan wata uku taya ta fara cinyewa ta gefe ɗaya, mai ya fara yoyo, a yi ta sauya roba ba a san daga ina cutar take ba. Walda ta gari ana yin ta ne gajere-gajere, santimita biyu ko uku, a koma ɗaya gefen, a bar ƙarfe ya huce da kansa ba tare da an watsa masa ruwa ba. Na biyu shi ne karkatar bakin fon. Kada a ƙone mazaunan sai an sauke motar a kan ƙafafunta, da ɗan nauyi a baya, an auna bakin fon ya yi layi ɗaya da bakin akwatin giya, bambancin kada ya wuce digiri ɗaya ko biyu. A ɗiga walda a riƙe, a auna, sannan a cike. In aka tsallake wannan, motar za ta riƙa kaɗawa a wani gudu, kuma kurusan kardan, wato gaɓoɓinsa masu siffar gicciye, ba za su yi wata shida ba.

Akwai wani abin da masu sayarwa ba sa ambata. Tulun fon Hilux, wato kumburin da haƙora ke ciki, a tsakiya yake, na Land Cruiser 60 da 75 kuwa ya karkata dama, domin akwatin giyarsu ta can yake fitar da juyi. Saboda haka kardan zai tafi a karkace, ya kuma matso kusa da tankin mai. Wajibi ne a danna motar da lodi a duba ko yana gogar tanki, a kuma rage tsawonsa ko a ƙara, a sauya bakinsa tunda ramukan noti ba ɗaya ba ne. Kardan da aka yanke aka haɗa a ƙasa da ido kawai ba ya yin daidai, a kai shi wajen masu injin juya ƙarfe. Wannan karkata ita ce aibin aikin da ba ya gyaruwa gaba ɗaya: ko an yi komai da kyau, kurusan kardan sun fi saurin ci fiye da da, sai an riƙa ba su giris a duk sauyin man inji.

Birki ma yana son kulawa. Igiyar birkin hannu ba ta shiga sai an yi mata maƙali. Akwai kuma ɗan bawul a jikin shasi mai doguwar sanda da ke haɗe da fon, wanda ke ƙara wa birkin baya ƙarfi idan mota ta yi nauyi, ya rage idan babu kaya. Makanikai da yawa ɗaure shi suke da waya su ce ba shi da amfani. Yana da shi. In an ɗaure shi a sama, baya na kullewa a kwalta idan motar wayam take, in an bar shi a ƙasa, da lodi gaba kaɗai ke tsayar da ita. A yi masa maƙali a sabon fon a tsayin da yake a tsohon.

Batun kuɗi kuwa, farashin fon kansa yawo yake da canjin naira da sefa da halin da iyaka take ciki. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da rufe iyakoki, kayan Kwatano suka yi wuya, kuma ko da Najeriya ta buɗe tata a Maris 2024, kayan da ake ɗaukowa daga Ƙofar Ruwa a Kano ba su koma yadda aka saba nan da nan ba. Lissafin da nake ba mutum shi ne: a kan kowace jaka 100 da ka biya na fon, ware wata 60 zuwa 80 ta ɗaurawa, in kuma sai an sauya haƙora, ninka kuɗin fon ɗin gaba ɗaya. Ga inda suke tafiya: rulma huɗu na ƙafafu, robobin tare mai guda biyar, kusoshin ɗaure lam guda huɗu sababbi, kusoshi 12 na kan sanda da ƴan zobbansu masu tsini, takalman birki, bututun birki, aikin kardan, walda, da man giya GL-5 kusan lita biyu da rabi. In an buɗe tulun, ƙara wasu rulma huɗu. Kusoshin lam na kwance kada a mayar da su ko kyauta aka ba ka, sun riga sun miƙe. Rulma kuma a sayi Koyo ko NSK ko Timken na gaske, a duba rubutun da ke jikin ƙarfen, kwali kowa na iya bugawa.

Idan an taɓa haƙora, a tambayi makaniki da me zai auna. Wasan da ke tsakanin kuron da ƙaramin haƙori a fon inci 9.5 milimita 0.15 ne zuwa 0.20, a na inci 8 kuma 0.13 zuwa 0.18. Wannan ba abin da yatsa ke ji ba ne, sai da agogon awo. Sannan a shafa fenti a haƙora uku ko huɗu, a juya, a ga tabon ya zauna a tsakiyar haƙori, ba a baki ba, ba a gindi ba. Wanda ya ce maka kunnensa ya ishe shi, ka ɗauki kayanka da girma da arziki ka ce masa, maigida, sai wani jiƙon.

A wajen aiki, abin da na gani shi ne rulman ƙafa ba su ƙara yin kuka ba, birki ya daina jiƙewa da mai, kuma a zafin Afrilu da Mayu tulun ba ya zafin da hannu zai kasa taɓawa bayan doguwar tafiya. Aibinsa uku ne. Ya fi nauyi, don haka baya na tsalle a gargada idan babu kaya. Tulunsa ya fi kusa da ƙasa, a rairayi mai zurfin sawu shi ke fara noma. Sannan notunan nan shida na kan sanda suna kwancewa, in suka yi sako-sako kusoshin yankewa suke ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan kusoshi ne, ɗauri kaɗan suke so, wajen 33 Nm, kuma dole zobban masu tsini su kasance a ciki. A sake ɗaure su tare da kusoshin lam bayan kilomita 500 na farko. Ɗan hancin numfashi da ke saman bututun ma ƙurar hunturu na toshe shi, iska ta kumbura a ciki ta tura mai waje, don haka a sa masa tiyo a ɗaga bakin sama ƙarƙashin bodi.

Wa ya kamata ya yi wannan aiki? Mai ɗaukar hatsi ko dabbobi ko duro na ruwa a hanyar da babu kwalta, wanda ke sauya rulman baya sau biyu ko uku a shekara. Shi kuɗinsa zai dawo. Mai zirga-zirga tsakanin Zinder da Mirya ko Matamai a kan kwalta ba ya bukatarsa. Shi ya gyara nasa na asali da rulma na gaske da sababbin zobba, in ya samu cikin fon mai ƙananan haƙora huɗu, wanda lambarsa ke ƙarewa da 4, ya sa. Bai kai rabin kuɗin ba, kuma babu walda ko ɗaya.

Wanda kuma ya riga ya ɗaura, ya riƙa leƙa shasi. Sabon fon ba ya ƙara wa shasin Hilux ƙarfi ko kaɗan, kuma tunda yanzu babu kukan rulma da ke gargaɗi, hannu yakan saki wajen lodi. Tsagewar takan fara ne a bayan kabin da kuma wajen maratayan lam. A wanke wajen duk wata, a haska da tocila, a nemi siririn layin tsatsa mai kama da zare.