Sansanin gefen dajin Binuwai: sun bar gwaggon birai sun raina mutane

Duk wanda zai kai iyalinsa wannan sansanin da ke gefen gandun dajin Binuwai, a kan hanyar Garwa zuwa Ngaundere a ƙasar Kamaru, ya sani wuri ne mai kyau, amma masu shi sun sake wa gwaggon birai fuska fiye da kima.

Da rani muka je, lokacin da ciyawa ta bushe, kogi ya ja baya, namun daji suna gangarowa shan ruwa. Gandun nan faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 1,800, shi ya sa ban sa ran ganin komai a kusa ba. Sai ga shi bayan sallar asuba jagora ya kai mu bakin ruwa, ga dorina nan kwance, kunnuwa da hanci kawai a waje, suna ta huci. Ya nuna mana sawunsu a laka inda suka fito kiwo da dare. A hanyar dawowa muka ci karo da garken mariya, da mugun dawa yana gudu wutsiya a miƙe. Wallahi a nan na ce kuɗina ya biya.

Cikin sansanin kuma suna kiwon awaki da tumaki da zabi. Yarana 'yan birni ne, nan suka tare. Autata ta maƙale wa wani farin ɗan akuya mai baƙin kunne, tana ba shi harawa da hannunta, dattijon Bafulatanin da ke kula da garken yana koya mata yadda ake riƙe shi. Mutumin kirki ne, Allah ya saka masa.

Bayan la'asar muna zaune a gindin bishiya, wani ƙaton namijin biri ya diro daga bayan kicin. Bai ko kalle mu ba. Ya wuce ta gaban tabarmarmu, ya suri ɗan akuyar nan da ke 'yan taku kaɗan daga yarinyar, ya yi cikin daji da shi yana ta kuka. Dattijon ya bi shi da sanda da jifa, ina! Uwar akuyar ta yi ta zagaya turke tana kira har dare, yarinya kuma ta ƙi cin abinci, ta kwana tana firgita.

Ban ga laifin biri ba. Bolarsu a buɗe take a bayan kicin, kuma da idona na ga wani yaron gidan yana jefa musu burodi don baƙi su ɗauki hoto. Birin da ya saba samun abinci a hannun mutum ba ya ƙara jin tsoronsa, duk wanda ya yi zaman ƙauye ya san wannan. Da na sami mai kula da wurin, cewa ya yi, "Alhaji, ai daji ne, sai haƙuri." Na ce masa, "Malam, da jariri ne yake rarrafe a wurin fa?" Ya rasa ta cewa.

Tunda raina ya ɓaci sai sauran abubuwan ma suka dawo mini. Gidan sauronmu a yage yake. Garken ya matso bukkokin kwana sosai, warin bunsuru har cikin ɗaki. Babu kuma wanda ya gaya mana cewa ƙudan tsando baƙin kaya da shuɗi yake bi, maiɗakina ta shiga daji da shuɗin mayafi, ta dawo wuya duk a kumbure.

Idan ku manya ne zalla, ku je ku ga dorina, ku sa kaya masu haske, ku kulle abinci a mota. Ni dai ba zan sake kai ƙananan yara ba sai na ji an rufe bolar nan, an kuma hana ciyar da birai.